Kwaɗon da Aka Buɗe Mini

Yau ba ni da doguwar gaisuwa, masu karatu, domin raina a ɓace yake tun ranar Litinin, kuma haƙarƙarina na hagu ba ya barina in ja dogon numfashi, balle dogon zance. Ku kuma masu cika mini akwatin saƙo cewa saurayina Mai Kemis mijin marainiya ne, in riƙe shi hannu bibbiyu kafin wata ta ɗauke, ku matso kusa. Da ku nake yau.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har a shagon gilashin ido inda nake aiki. In an tashi, sai in rataya jakata in hau benen da ke saman wani shagon tayoyi, inda ajinmu na mata yake. Jujitsu muke koyo. Kokawa ce ta ƙasa, ba naushi ba shuri, sai kamu da ɗauri da shaƙa. In aka kama ki inda ba mafita, sai ki bubbuga hannu a jikin abokiyar wasanki, ta sake ki nan take. A wasan nan ba a yi wa juna kara. Wadda ta fi ki ta fi ki, wadda kika fi kin fi ta, katifa ba ta san 'yar wane ba. Abin da ya sa nake son wurin ke nan fiye da ko'ina.

Akwai wani kamu da muke kira kwaɗo. Mutum za ta zagaya bayanki ta manne, ta gitta ƙafa ɗaya a kan cikinki, ta saƙala sawunta a bayan gwiwar ɗaya ƙafar, ta datse. Shi ke nan an kulle ki. Ƙafafunta na matse miki ciki, hannuwanta kuma na laluben wuyanki. In kin kula da wuya numfashi ya ƙare, in kin kula da ciki wuya ya tafi.

A ajinmu sarauniyar kwaɗo ita ce Doguwa. Nas ce a wani asibiti, ta riga mu duka fara wasa, kuma Allah ya ba ta ƙafafu kamar ba za su ƙare ba. Aminiyata ce, tare muke shiga mota mu koma gida, ta san sirrina na san nata. Amma in muka hau katifa ba ta san ni ba. Fiye da shekara tana ɗaure ni a kwaɗon nan ina buga hannu, in koma gida da shatin ƙwaurinta kwance a cikina, shuɗi yau, gobe baƙi, jibi ɗorawa.

Shatin nan ne Umma ta gani. Ina canza riga ta turo ƙofa da kayan wanki a hannu, ban kai ga jan zane ba idonta ya sauka a kai. Ta ajiye kayan a bakin gado, ta zauna, ta dube ni ta ce wannan jikin zan kai gidan miji? Na ce wasa ne. Ta ce ita a saninta wasa dariya ake yi a ƙarshensa, ba gashi da ruwan zafi ba. Aka kai magana gaban Baba. Shi kuwa ba mai son hayaniya ba ne, ya yanke cewa a bar ni in shiga gasar da nake ta buri, sau ɗaya tak, in an gama manyan Mai Kemis su zo a zauna. Na yarda, domin ni ma ina son mutumin, ba wanda ya ɗaura mini shi. Gasa ɗaya aka ba ni a rayuwata, kuma Koci, malamar ajinmu, ita ce mai zaɓen wadda za ta je.

Sai Koci ta tafi hutun haihuwa, ta bar ajin a hannun Doguwa.

Ba a daɗe ba abin mamaki ya faru. Wata ranar muna wasa Doguwa ta haye bayana ta datse kwaɗonta kamar kullum, ƙullin ƙafafunta yana gefena na hagu. Ni kuma da wahala ta ishe ni sai na wuntsila dama, na ture gwiwarta da tafin hannu. Sai na ji ƙafafun sun buɗe. Na zame na juyo na danne ta. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na rungume ta a gaban kowa, ina cewa yau dai, yau dai. Kafin in cire rigar wasa na jawo waya na rubuta wa Mai Kemis: “Na fita daga kwaɗon Doguwa.” Ko minti ba a yi ba ya amsa: “Ai na san za ki iya, Gwanata.” Ya jera mini furanni da kofin zinare. Da yamma ya zo gida da kwalin lemo mai sanyi, Umma na ta sa masa albarka, ni kuma ina ta zuba kamar kanya, ina kwatanta masa yadda na yi da matashin kujera.

Daga ranar kullum sai na fita. In ta datse, in wuntsila dama, in ture gwiwa, ƙofa ta buɗe. Na san ba haka Koci ta koyar ba. Ita cewa take a faɗa gefen da ƙullin yake. Amma kun san ɗan Adam da girman kai, sai na ɗauka na gano wata hanya tawa ta kaina, wadda ta dace da gajerun mutane irina. Har sababbin shiga nake tarawa ina nuna musu. Shatin cikina ya goge, Umma ta daina harara, kowa ya zauna lafiya.

Ranar Litinin Koci ta dawo, jaririnta a cikin kwandon ɗauka, ta ajiye shi a gefen katifa kusa da fanka. Ta zo da baƙuwa daga wani ajin, wata gajeruwa mai kauri, mai gilashi kamar gindin kwalba. Koci ta ce baƙuwar za ta yi makon nan tare da mu, kuma nauyinmu ɗaya, don haka da wuya mu kauce wa juna a gasa. Baƙuwar ta cire gilashin ta sa a cikin takalminta, ta miƙo mini hannu ba ko murmushi.

Ba mu jima ba ta samu bayana. Na ji ƙwaurinta ya gitta cikina, na ji datsewar. Kun san me na yi? Murmushi na yi. Na ce a raina, yarinya, kin kawo kanki gidan da aka san maganinki. Na wuntsila dama, na ture gwiwa.

Gwiwar ko gezau. Na sake turewa. Sai ma ta gyara kwanciya, ƙullin yana sama ba abin da ya tokare shi, ta miƙe bayanta ta matse. Na ji wani abu ya ce ƙas a haƙarƙarina. Iska ta fita ba ta dawo ba. Ko wuyana ba ta nema ba, matsa kawai, na buga hannu kamar mai kashe wuta a zane. Wadda ta san wasan nan ta san babu abin kunya kamar ki sallama a kan matsar ciki kawai. Na rarrafa gefe ina kakarin amai, sababbin da nake koya wa suna kallona.

Koci ta tsuguna a gabana, ta jira numfashina ya dawo, sannan ta ce, “Wa ya koya miki faɗawa wancan gefen?”

Na ce ba kowa, ni na gano, kuma yana ci.

“A kan wa yake ci?”

“A kan Doguwa. Kullum.”

Koci ta ɗaga kai ta dubi Doguwa. Ni ma na duba. Doguwa na tsaye a jikin bango tana ɗaure bel ɗin rigar wasanta, bel ɗin da yake a ɗaure tun ɗazu. A nan cikina ya ba ni abin da kaina bai yarda da shi ba tukuna.

A ɗakin canza kaya na tare ta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, benci ɗaya, ƙusoshin rataye gyale, da madubin da ya tsage a kusurwa. Na rufe ƙofa na jingina da ita. Na kafa mata ido. Ta zauna, ta zaro waya daga aljihun jaka, ta daɗe tana lalube, ta danna ta ajiye a kan benci. Muryar da na fi sani a duniya ta cika ɗakin, a tausashe, irin yadda yake yi wa tsofaffi bayanin magani.

“Sista, alfarma nake nema, kuma don Allah ya tsaya tsakaninmu. Umma ta kira ni hankalinta a tashe saboda jikin Auta. Ki riƙa sassauta mata a wannan kamun naki. Ki bar ta ta riƙa fita. In ta ga ta ci, zuciyarta za ta kwanta, ta bar abin da kanta ba sai an yi rigima ba.”

Na sa ta maimaita ƙarshen. Ta bar abin da kanta. Ashe ba ma haƙarƙarina kaɗai ake tausayi ba, so ake a ƙosar da ni kamar yaron da aka ba alawa don ya saki wuƙa.

Doguwa ta fara bayani tana kuka. Wai shagonsa take sayen magani, ya tare ta da roƙo, ta ji nauyinsa. Wai sau ɗaya ta yi niyya, don dai ta ce ta yi. Amma da ta ga yadda na rungume ta ranar, sai ta kasa dawowa ta datse da gaske, kullum tana cewa gobe za ta faɗa mini. Na ce to da kika ga ina faɗawa gefen da ba shi ba, ke da aka bar wa aji, me ya hana ki gyara mini? Ta ce in ta gyara zan gane. Na ce da na tara yara ina koya musu shirme fa, kina ina? Ta sunkuyar da kai. Na ɗauki jakata. Hijabina ma a bai-bai na sa shi, sai a mota wata mata ta taɓa ni ta faɗa mini.

Ban wuce gida ba, kemis na nufa. Na same shi a bayan kanta cikin farar rigarsa mai biro biyu a aljihu, yana rubuta wa wani dattijo safe da yamma a jikin kwalin maganin hawan jini. Ya ganni ya washe baki, ya nuna mini kujerar roba. Ban zauna ba. Na tsaya kusa da sikelin awo ina kallon kwalaben da ya jera bisa tsayi, komai tsaf, komai a inda ya ajiye shi. A da tsarin nan nasa burge ni yake yi. Ranar kuwa ji na yi kamar in sa hannu in share kantar duka.

Da dattijon ya fita na ce, “Na ji saƙonka.”

Ya ce wanne a ciki, yana dariya. Na ce na Sista. Dariyar ta tsaya a inda take. Ya cire gilashinsa, wanda ni na zaɓa masa firam ɗin da hannuna, ya goge, ya mayar.

Ba zan yi masa ƙarya ba, bai musa ba, kuma bai yi maganar banza ba. Ya ce duk mako ni ke zuwa sayen maganin ciwon jiki da man shafawa, yana gani yana shiru. Ya ce ya san abin da karyayyen haƙarƙari ke yi wa huhu. Ya ce Umma kuka ta yi masa a waya, shi kuma ba zai iya jin kukan uwa ya naɗe hannu ba. Ya ce da ya hana ni kai tsaye da na ce ya fara mulki tun kafin a shiga gida, shi ya sa ya bi ta inda ba wanda zai ji ciwo.

“Don ke na yi, Gwanata.”

“Kar ka sake kirana da wannan sunan. Kai ka san ba gwana ba ce, kai ka shirya.”

Na ce masa, kai ne kullum kake zagin masu jabun magani, kana cewa gara a ce wa mutum babu da a ba shi alli a kwali, domin mai alli yana tafiya gida da tabbacin ya sha magani. To ni me ka ba ni? Na ɗaga hannuna na nuna masa inda ke ciwo. Na ce wannan ba Doguwa ta yi mini ba, shekara guda tana matse ni ba ta taɓa fasa mini komai ba, domin ina sanin lokacin sallamawa. Wannan na same shi ne don na shiga hannun baƙuwa ina murmushi, na kwanta mata a gefen da ta fi so.

Ya zagayo daga bayan kanta, fuskarsa ta canza, yana tambaya ina ne, yana zafi in na yi tari, mu je a ɗauki hoto yanzu. Kun ji fa. Duk abin da na faɗa, haƙarƙarin kaɗai ya ji. Na ce ya riƙe hotonsa, na fita. Ya biyo ni har bakin titi da ledar magani a hannu, mai adaidaita na tsayawa na shige ban waiwaya ba.

A gida na tarar da Umma a falo ta baje sababbin labule a kan kujeru, ruwan madara masu ratsin zinare, waɗanda za a rataya saboda zuwan manyansa. Tana riƙe da allura a baki tana gyara lanƙwasa. Na ce Umma, ke kika sa a yi mini haka? Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta zare allurar ta ce ita ta sa, kuma gobe ma in ta samu dama za ta sake.

“Ni na haifi haƙarƙarin nan, ba Kocinku ba.”

Na ce an mayar da ni abin dariya. Ta ce dariya ba ta karya ƙashi. Na ce ai kuwa ta karya, ga shi nan. Sai a lokacin ta ɗago, ta dube ni, na ga tsoro ya gitta a idonta, amma Umma ba ta iya ja da baya ba. Ta ce to ai ga abin da take gudu nan, kuma yaron kirki irin wannan, mai jin maganar manya, in na yi wasa da shi zan gane kurena. Baba yana kujerarsa da rediyo a kunne. Ya rage murya ya ce, “Ba ku kyauta mata ba,” ya mayar da muryar inda take. Na shige ɗaki na turo ƙofa. Haushin Umma daban ne, irin wanda ba ka da inda za ka kai shi, sai dai ka haɗiye.

Washegari Koci ta kira ni gefe. Ta tattaɓa wurin, ta ce ba karaya ba ce, buguwa ce, amma ba za ta kai ni gasa in je in kwanta wa mutane a gefen da ba shi ba. Ta ce ranar Alhamis Doguwa za ta ɗaure ni da dukkan ƙarfinta, a gabanta. In na fita, sunana na nan. In ban fita ba, ta cire. Na ce me ya sa Doguwa, ga baƙuwa nan? Ta ce baƙuwa abokiyar karawata ce, ba za ta ba ta damar karanta ni sau biyu ba. Ita kuwa Doguwa, Koci ta karɓe mabuɗin ajin daga hannunta a gaban kowa.

Kwanakin nan na sha wuya. Koci da kanta take ɗaure ni, a hankali, tana faɗa mini a kunne. Wuya tukuna. Haɓa a ƙirji, hannu biyu a kan hannun da ke neman shaƙa. Sannan ki nemi inda ƙullin yake ki faɗa kansa, ki sa shi tsakanin nauyinki da ƙasa. Kaina ya gane tun a karon farko. Jikina ne ya ƙi. Da na ji matsa sai in ga na wuntsila dama tun kafin in yi tunani, domin wata da watanni ana ba shi lada a kan hakan. Koci ta ce koya wa sabo ya fi sauƙi a kan kankare wa wanda ya iya ba daidai ba. Duk sanda na tsinci kaina a gefen dama, sai in ji muryar nan tana cewa ki bar ta ta riƙa fita, in ciji robar kare haƙora da ke bakina har muƙamuƙina ya yi ciwo.

Wayata kuwa ba ta huta ba. “Kin sha maganin?” “Na bar leda wurin Umma.” “Auta, ki yi mini magana ko zagi ne.” “Na yi kuskure a hanya, amma niyyata ba mugu ba ce.” Da wani dogon saƙon murya da ban buɗe ba. Na gaji da jin muryarsa a waya. Ledar tana nan a kan firij, Umma na matsar da ita gaba kullum don in gani.

Ranar Alhamis na sa farar rigar wasata da na goge da kaina, na ɗaure hijabin wasa tam, na cusa gefensa a wuyan riga. Baƙuwa ta gama nata da wuri, ta sa gilashinta ta yi sallama ta sauka. Sauran suka ja baya suka zauna a jikin bango. Na zauna a tsakiyar katifa, Doguwa ta zauna a bayana. Rabon da mu yi magana tun ɗakin canza kaya. Na ce mata ƙasa-ƙasa, ba tare da na juya ba, in kika sassauta mini ko na ƙwayar zarra, ni da ke har abada. Ta ce ta ji. Ta gitta ƙafa, ta saƙala, ta datse. Na tuna wannan matsar. Rabona da ita tun kafin Koci ta haihu.

Koci ta tafa hannu.

Jikina ya fara tafiya dama. Na ji shi yana tafiya, na tsayar da shi a rabin hanya kamar mai fizgo yaro daga bakin titi. Hannunta ya zo wuyana, na cafke shi da hannu biyu na manna haɓa. Ciwon haƙarƙarin ya tashi har cikin kunnena. Na kafa sawuna a katifa na tura, na tura, muka tafi hagu tare muka faɗi a kan ƙullin. Na ji sawunta a ƙarƙashina. Ta yi ƙoƙarin mirgina mu ta mayar da ƙullin sama, na baje nauyina na ƙi. Numfashi saura kaɗan, idona ya fara ganin taurari. Na ɗaga ƙafata na haye nata sawun da ke lilo, na maƙale shi a bayan gwiwata, na tura ƙuguna gaba da duk haushin da na tara tun Litinin, na Umma, na Mai Kemis, nata, da nawa na kaina. Jaririn Koci ya tsala kuka a gefe. Na ƙara turawa.

Kwaɗon ya buɗe. Na sa kafaɗuna a ƙasa, na zame, na juyo na fuskance ta.

Aka yi ta tafi. Ni kuwa ina durƙushe ina haki, ina jiran daɗin nan ya zo, irin na ranar farko. Bai zo ba. Na dubi Doguwa, tana riƙe da idon sawunta, fuska a yamutse.

“Ke kika buɗe ko ni na buɗe?”

“Wallahi ke ce. Dubi ƙafata.”

Na duba. Ta yi ja, wataƙila ma ta fara kumbura. Amma nas ce, ta san yadda ake yamutsa fuska, kuma wata da watanni tana yi mini irin wannan fuskar ina yarda. Ga shi tana neman in yafe mata, me ya fi wannan sauƙi? Na juya wurin Koci, ita kaɗai ta rage mini. Tana tsaye da jariri a kafaɗa tana jijjiga shi. Ta ce sunana na nan. Na ce kin ga lokacin da ya buɗe? Koci ba ta ƙarya, shi ya sa nake girmama ta. Ta ce ta ga faɗuwata, ta ga na kama sawun, duk daidai. Amma daidai buɗewar ta juya ta ɗauki yaro.

To kun ji abin da mijin marainiyarku ya yi mini. Ciwon haƙarƙari zai warke. Amma wuri ɗaya nake da shi a duniya inda in na ci na san na ci, ya shiga da tausayinsa ya lalata shi. Na yi abin da na shekara ina nema, a gaban mutane, kuma ban san ko na yi ba.

Na tashi na je taga don in sha iska, ina gaya wa kaina cewa ba komai, akwai sauran mutum ɗaya. Baƙuwa ba ta san Umma ba, ba ta sayen magani a shagon kowa, ba ta neman yafiyata. Ranar gasa in ta datse ni na fita, wannan nawa ne, ba mai ce mini komai.

Sai na leƙa ƙasa. Motarsa na fake a gaban shagon tayoyi. Yana tsaye a jikinta da farar rigarsa, ga baƙuwa a gabansa da jakarta a kafaɗa. Yana magana a hankali, tana gyaɗa kai. Wataƙila tambayarta yake ko an tashi. Wataƙila gaisawa ce kawai, mutum ne mai gaisuwa. Na ga ta zaro wayarta, shi ma ya zaro tasa.

Ban nemi takalmi ba. Da rigar wasan, da bel ɗin, da robar a bakina na sauka benen.